Amshi

Wata uku ke nan da saukata Kano
daga Yawuri, da jaka ɗaya
da takardar kama aikin awon ido.
Ɗakina a Gyaɗi-Gyaɗi, bayan injin niƙa.
Garin na ta surutu dare da rana,
amma ba da ni yake ba.

Ran wata Asabar Tanimu tela ya buga ƙofa:
"Mutumin bakin kogi, sa takalminka.
Albasar garinku ma ana fito da ita ta sha iska."

Zauren wata makaranta ne, can wajen Tarauni.
Ɗari biyar a ƙofa, a buga maka shuɗin hatimi a hannu.
Benci mai ƙafa uku da rabi.
Labulen zanen gado ne guda biyu aka haɗe,
Tanimu ya ɗinka,
sau uku yana nuna mini kalmasar.

Sai kalangu ya yi gyaran murya.
Fiyano ta biyo shi tana ɗingishi.
Aka ja labule, ya maƙale, aka sake ja:
gidan haya, igiyar shanya, da rijiyar kwali
wadda mai gida ya garƙame da kwaɗo.

Ban san ana kai ƙara da waƙa ba.
Mai wanki ya rera tasa, yana matse rigar da ba ruwa,
malamar firamare ta ɗora da buta a hannu,
mai gidan kuwa, tumbinsa matashin kai ne,
in ya juya rawa sai ya zame gefe
ya sa gwiwar hannu ya mai da shi.
Na yi dariya har bencin ya yi barazana.

Ana tsakiyar shari'a aka ɗauke wuta.
Fiyano ta mutu. Fanka ta yi sallama.
Na laluba takalmina.
Ashe ba mai tashi.
Waya ɗaya ta haska, sai goma, sai zauren duka,
kalangu bai ko numfasa ba,
Alƙali ya ɗaga murya cikin duhu:
"Ruwa ba na mai guga ba ne!"
Zaure ya karɓe: "Na mai ƙishi ne!"

Wata dattijuwa mai ƙamshin man zafi
ta zungure ni a haƙarƙari:
"Ɗan nan, kuɗin kallo kawai ka biya?
Amsa mana!"

Ni da na tashi inda ba a kulle ruwa,
inda kogi ke kwana a buɗe kamar tafin hannu,
na buɗe baki, wani abu ya tokare mini wuya.
A zagaye na biyu ya wuce.
Muryata ta shige cikin tasu
ba wanda ya tambaye ta daga ina.

Ran Talata, wa zan gani a layin asibiti?
Alƙali, ba rawani, da hular kwano a hammata.
Sunansa Sallau, gyaran famfo yake a Fagge.
Na nuna masa allo, layi na uku ya gagare shi.
"To yaya kake haddace baitocin?"
Ya ce, "'Yata ke karanto mini bayan isha'i.
In na yi kuskure ta ci ni tarar alewa."
Na rubuta masa tabarau.
Ya ce kar ya yi kyau da yawa,
gara kada ya ga fuskokin 'yan kallo.

Yanzu sau biyar na kalli rijiyar nan.
Na san inda Hansatu ke manta baitinta
ta cike gurbin da guɗa.
Na san bencin da ba ya cizo.
Hatimin bai gama fita daga hannuna ba
wata Asabar ke zagayowa.

Jiya Inna ta kira daga gida,
ina jin kukan agwagi a bayanta.
"Ka saba da garin?"
Na ce, "Hanyoyin dai har yau suna ɓatar da ni.
Amma na iya amshi."