Ma'aunin Jini

Ni ke ɗaura ɗamara a damtsen mutanen Sheka,
kowace safiya, a barandar ƙaramin asibitin unguwa.
In matsa roba, in ƙara matsawa,
allura ta hau, ta yi rawa, ta tsaya,
in rubuta abin da baki ya ƙi faɗa.

An ce an rage kasafi.
Ni dai ban ga takardar ba.
Na ga kantar magani tana ramewa
har katakonta ya fito fili, kamar haƙarƙarin akuyar rani.
Na ga gizo-gizo ya gaji aikin Yahanasu,
wadda aka sallama ran wata Laraba,
ta fita da tsintsiyarta a hammata, don ita ta saya da kuɗinta.

Ɗahiru mai faci ya miƙo hannu, duk baƙin taya.
Ɗari da tamanin.
Na ce, "Kana barci kuwa?"
Ya ce, "Ina dai kwanciya."
Makarantar 'yarsa na son kuɗin alli, kuɗin benci, kuɗin gyaran rufi,
famfon layinsu wata huɗu yana tari ba ya tofarwa,
ɗan garuwa kuwa kullum da sabon farashi a bakinsa.
Daga nan har Gyaɗi-Gyaɗi
babu tayar da zai kasa gano inda take shaƙar iska,
amma hudar aljihunsa ta gagare shi.

Tabawa mai awara da wuƙar albasa take raba ƙwaya,
rabi yau, rabi jibi,
gobe kuma Allah na nan.
Na ce, "Iya, rage gishiri, rage tunani."
Ta yi dariya har zaninta ya kusa kwancewa:
"Gishiri ai ya rage kansa, ɗan nan.
Tunanin fa, wa zan ba ajiya?"

Can sama biro ya yi yanka, ba a ga jini ba.
Ku zo nan, ga jinin.
Bai zuba ba,
hawa ya yi.

Haƙuri kaɗai ya rage mana a sito,
shi nake rubutawa a bayan kati:
ɗaya da safe, ɗaya da rana, biyu in dare ya yi tsawo.
Ba ya ƙarewa, ba ya lalacewa,
sai dai na ga masu shan sa suna magana su kaɗai a bakin titi,
na ga miji ya daka wa matarsa tsawa a kan ashana,
ya dawo da yamma yana sunkuyar da kai.

Malam Tanimu, tsohon masinja,
kullum shi ne na farko a benci, da takardun fansho cikin leda.
Bara ya ce an ce wata mai zuwa.
Bana ma haka ya ce.
Sati uku ke nan wurinsa babu kowa,
katinsa na cikin durowata,
na kasa yagawa, na kasa tambaya.

Jiya robar ma'aunin ta huje.
Sau uku na rubuta a kawo sabuwa, shiru kamar an aiki bawa garinsu.
Na naɗe ta a jarida na kai wa Ɗahiru.
Ya tsoma ta a ruwan kwano, ya bi kumfa da ido,
ya kankare, ya shafa gam, ya manna ɗan guntun tib.
Na sa hannu a aljihu, ya riƙe ni:
"Bar shi. Ai da ita za ka auna ni."

Da na dawo babu kowa, an ɗauke wuta.
Na zauna a bencin Malam Tanimu,
na ɗaura ɗamarar a nawa damtsen,
na haska da fitilar waya.
Facin ya riƙe.
Allura ta hau,
ta wuce inda ta tsaya wa Tabawa.

Wannan ban rubuta ba.