Wankan Ƙarshe a Merida

Ranar Asabar, rana ba ta gama buɗe ido a kan Merida ba,
Babana, Fidencio Canche, ya jawo tiyo zuwa bakin titi.
Gobe mai saye zai zo daga Progreso.
Shekara goma sha tara tasin nan tana hannunsa,
ba ta taɓa kwana da datti ba.

Ya ɗaura gorar kumfa a bakin bindigar ruwa,
inji ya yi gurnani, ya danna,
sai ga wani ruwa tsararo, fari-fari,
kamar nonon da aka yi wa algus.
Ya sauka a gilashi, ya gangare,
ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Sabulun ne," in ji shi. A wurinsa kullum sabulun ne.
Ya ƙara, ya girgiza, ya sake ƙarawa
har na cikin gorar ya yi kaurin zuma.
Ya danna.
Jiya i yau.

Na ce, Baba, murɗa maɓallin saman nan.
Ya kai shi dama har ƙarshe, ya dawo da shi hagu.
Eulogio maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga:
"Injin ya tsufa, kamar mu. Ku sayi sabo."
Shi da ko keke bai taɓa ajiyewa ba.

Na kwance gorar.
Siririn bututun da ke zuƙo sabulu yana nan daram.
Zoben roba bai tsage ba.
Na ɗaga ƙaramar ƙofar ruwan, na saita ta da rana,
haske ya wuto, tsinin allura, babu abin da ya tare shi.
Saura wuyan tagulla, wanda ba a taɓa buɗewa ba.

Baba ya ɗauko sifana.
Hannunsa ya fara abin da ya sa zai sayar da motar.
Sifana ta faɗi. Ya ɗauka. Ta sake faɗi.
Na yi kamar ina duban tsuntsayen kan wayar lantarki.
A ta uku bai ce komai ba,
ya miƙo mini ita ta ƙota.

A can ciki na same ta:
'yar rariyar waya, ba ta fi kan ɗan yatsa ba,
ta daskare, ta yi fari, ta koma tsakuwa.
Ruwan garinmu ta cikin farar ƙasa yake biyowa,
duk inda ya ratsa sai ya bar shaida,
a tukunyar shayi, a bakin famfo,
bara har a ƙodar Baba.

Na jefa ta a kofi, na zuba ruwan khal.
Ta fara tsiyayar ƙananan ƙwayoyin iska
kamar mai sakin maganar da ta daɗe da riƙewa.
Muka zauna a inuwa, rabin awa.
Ya ba ni labarin matar da ta haihu a kujerar baya, hanyar Uman,
labarin da na haddace tun ina firamare.
Sannan ya dubi kofin, ya ce,
"Ban taɓa sanin akwai wani abu a ciki ba."

Na ɗauraye, na mayar, na ɗaure.
Na zubar da rabin zumarsa, na cika da ruwa.
Na ba shi bindigar, na tallafi gwiwar hannunsa.

Kumfa!
Mai kauri, mai nauyi, auduga sabon tsinka.
Ta rufe rufi, ta rufe lamba,
ta rufe lotsawar ƙofar baya,
har motar ta ɓace, sai siffarta.
Eulogio ya sauka daga katanga shiru.

Minti biyar ake ba ta, ta ci datti.
Biyar ta wuce. Bakwai.
Rana ta hau, kumfar ta fara zamewa daga madubi.
Na ce, Baba, za ta bushe a jiki fa.

Ya ce, "Na sani."
Bai saki bindigar ba, bai kuma danna ba.