Bakwai Na Karɓa

Ni ban ƙera komai ba.
Aikina ƙirge:
Cima, Lawali, Kyari sarkin mantuwa,
Barira, Ya'u, da tagwayen Garin Malam.
Bakwai na karɓa a ƙofar lakwal da asuba,
bakwai ake bi na kafin magariba.

Uwar Cima ta tare ni a lungun Birni:
"Mushe, ba ta cin wake, kuma ba ta faɗin yunwa."
Uban Ya'u bai ce uffan ba,
jaka guda ya cusa mini a aljihu,
ya juya tun ban buɗe baki ba.
Amana ba ta hawa sikeli,
amma kafaɗa ta san kilonta.

Zauren baje koli ya cika da harsuna.
'Yan Kwatano sun zo da jirgi mai tashi ba matuƙi,
'yan Injamena da tukunyar da rana ke yi wa wuta,
'yan Kano da ɗan ƙarfe mai gaida alƙalai
har da rusunawa.
Namu fa?
Guntun tiyo, marfin gwangwanin tumatir,
batir biyu, da ƙararrawar keken kakan Kyari.
Na ga Lawali ya ja kwali ya rufe rabin tebur
kamar mai ɓoye tsinkakken takalmi ranar salla.
Na ce, "Buɗe."
Tarihi nake koyarwa, ban san hanyar lantarki ba,
amma na san takun kunya in ta shigo ɗaki.

Da azahar: shida.
Na sake daga hagu. Shida.
Gabana ya faɗi, guga ya tsinke a rijiya.
Na duba wajen mai shayi, na duba bayan masallaci,
na leƙa titi, 'yan kabu-kabu na wucewa,
duwatsun Damagaram sun zuba mini ido, ba su ce komai ba.
Ashe Barira na ƙarƙashin teburin 'yan Cadi,
ta zare tsinken kitsonta tana ɗaure musu waya.
Ba ta jin nasu, ba sa jin nata,
dariya ce tafinta.
Faɗan da na tanada ya narke a bakina.

Alƙaliyar ta zo, 'yar Dakar, tabarau a kan hanci.
"Wannan me yake yi?"
Cima ta haɗiye yawu.
"A unguwarmu famfo ba ya alkawari.
Wata rana ƙarfe uku na dare, wata rana sai jibi.
Innata kan kwana zaune, bokiti tsakanin ƙafafu.
In ruwa ya ture marfin nan, ƙararrawa za ta kira ta.
Kafin nan, ta yi barci."

Ya'u ya tuttula buta a tiyo.
Shiru.
Ya ƙara. Shiru, har ina jin ɗigar ruwa a siminti.
Sai Kyari ya dafe kai,
ya ciro batir, ya juya masa gindi.
Ƙirrrr!
Tsohon keke ya yi kuka a gaban ƙasashe tara.
Matar ta cire tabarau. Ta daɗe tana rubutu.

Kofin ya bi jirgi zuwa Kwatano.
Mu takarda muka samu, mai hatimi,
an rubuta sunan Barira da kuskure.
A mota tagwaye suka yi barci, kai bisa kai,
ni ina ta ƙirge, leɓe kawai ke motsi.

Uwar Cima ba ta tambayi kofi ba.
"Ta ci abinci?"
"Ta ci. Har da wake."

Bakwai, ƙofa bakwai ban da ɗaya,
tagwaye ƙofarsu guda.
Kayan suka bar mini ajiya sai Litinin.
Na ɗaura shi a famfon gidana, don gwaji kawai,
na ce wa maiɗakina ta shiga ta kwanta.

Uku da kwata na dare
kakan Kyari ya shigo tsakar gidana a kan keke.