Sussuka

Malam Tikaram ya rubuta ta a allo
da guntun alli kamar haƙorin akuya:
sussuka.
Ya ce gobe kowa ya zo da ma'anarta,
layi biyu, kada a ƙara.

Na hau gida ta matakalar gonaki,
taki ɗari uku da sha ɗaya, na sha ƙirgawa.
Kogin Marsyangdi na gunaguni can ƙasa,
ƙanƙara na kwance a kan duwatsun arewa,
ba ruwanta da kowa.

Na tarar da Kaka Dilmaya a masussuka.
Tun shekaranjiya ta daɓe wurin da kashin bauna,
ya bushe ƙayau, ya yi sumul kamar tafin hannu.
Na ce, Kaka, mece ce sussuka?
Ba ta ko waiwayo ba.
Ta ce, ajiye jakar nan, ɗauko dami.

Ta naɗe gindinsa da igiya,
ta ɗaga shi har ya wuce ɗankwalinta,
ta fyaɗa a falalen dutse.
Shinkafa ta watsu, tsararar, kamar yayyafi a kwanon rufi.
Ta ce, bugun fari na masu gaggawa ne,
dama ƙiris suke jira.
Ta sake fyaɗawa.
Wannan na masu shawara ne.
A na uku sai da ta yi nishi,
awarwaronta na gilashi suka yi ƙara.
Wannan kuwa na masu taurin kai.

Ta zauna a kan damin, tana haki.
Ubanki, ta ce, a bugun fari ya fita,
yana can Ƙatar yana ɗaura ƙarafan bene.
Khadga ya bi a na biyu, ko bikin fitilu bai tsaya ba.
Uwarki ta riƙe, ta riƙe,
sai da tudu ya zaftare ya cinye gonar ƙasa,
sannan ta shiga motar Katmandu da akwatin aro.

Na ce, to wa ke bugun?
Ta ce, wata shekarar bashi, wata shekarar ruwa.
Dami ba ya ganin hannun da ya ɗaga shi.

Ta laluba cikin karan da yatsa,
ta tsinto ƙwaya ɗaya da ta ƙi sauka,
kore-kore, ba ta gama nuna ba.
Ta ɗora min a tafi. Ga ki nan.

Kara fa, Kaka?
Ta nuna tarin da aka naɗa a jikin sanda
ya fi ɗakinmu tsawo.
Bauna za ta ci har sanyi ya wuce,
tabarmar da kike kwana a kai daga nan take.
Kara ba ya zuwa kasuwa, ta ce,
amma ban taɓa ganin an zubar da shi ba.
Tashi, rana na faɗuwa, saura dami arba'in.

Da dare, a hasken aci-balbal, na rubuta:
Sussuka ita ce a yi ta bugun gida
har kowa ya tafi, a bar kaka.

Malam Tikaram ya ja jan layi a ƙasa.
Ya rubuta a gefe: raba tsaba da kara ta hanyar bugu.
Huɗu bisa goma.
Ya miƙo min littafin, bai sake shi da wuri ba.
Ashe nasa ɗan yana Malesiya, daga baya na ji.

Yau shekara tara.
Ina ɗaki na haya a Katmandu, hawa na huɗu,
ina tsintar shinkafar leda a faranti.
Kaka ta bugo waya ɗazu, layin na yankewa.
Ta ce bana inji suka ɗauko daga Besisahar,
kafin shayi ya huce ya gama gonar duka.
Ba fari, ba na biyu, ba na uku, ta ce,
haɗiya ɗaya yake yi.
Dutsen yana nan, kaji ke hawa.
Sai ta tambaya ko ina cin abinci.