Agogon Osla

Na sauka Foula da agogo biyu,
ɗaya a hannu, ɗaya a cikin waya.
Dukansu sun san ƙarfe nawa ne a Funtuwa,
ba wanda ya san ranar da jirgin ruwa zai iso.

Na tambayi Magnie mai tuƙa shi.
Ya lashi yatsa ya miƙa wa iska,
ya ce, "Talata, in teku ya yarda."
Talata uku teku yana murtuke fuska,
muka sha shayi ba madara,
wasiƙa ta tsufa a buhu kafin a karanta ta.

Mu talatin ne da 'yan kai, tumaki sun ninka mu.
Ni ce mai allura, ni ce mai awon jini.
Na rubuta wa tsohuwa Osla a bayan kwali:
ƙwaya ɗaya, takwas na safe.
Ta juya kwalin, ta dube ni ta saman tabarau,
ta ce ita tana sha ne in ruwa ya janye
baƙin dutsen can ya fito da kai.

Na bi diddigi mako biyu.
Dutsen nan makararre ne,
kullum sai ya ƙara kusan awa a kan jiya.
Ƙwayar safe ta koma ta hantsi,
ta hantsi ta gangara la'asar.
Na yi faɗa, na buga tebur.
Ta zuba mini shayi ta ce,
"Shekara tamanin bai taɓa saɓa mini alkawari ba.
Naki agogon fa? Ba shi ne gwamnati ke murɗe wa kunne
sau biyu a shekara ba?"

Na rasa ta cewa.
Don kuwa a watan goma an ja mu baya da awa guda,
Baba ya bugo daga gida bayan asuba
ya same ni cikin bargo, ya ce lalaci ya kama ni.

Sai hunturu ya zo ya matse yini.
Azahar, la'asar, magariba
suka jeru kamar 'yan layin famfo,
alwala ɗaya ta ishe su.
Bazara kuma rana ta ƙi tafiya gida,
ta laɓe bayan ruwa tana leƙen mu,
sha biyun dare ina iya zura zare a allura.
Na tsaya bakin taga da dadduma a hannu
ina jiran duhun da zan kira lisha.
Ashe ni ma dutse gare ni,
nawa dai a sama aka rataye shi.

Kirsimetinsu ma ba ta bin ta birni.
Sai shida ga Janairu suke kunna fitilu,
lissafin kakanni, ba su sake shi ba.
Na yi dariya a ranar farko,
kafin na tuna mu ma ba ma ɗinkin Sallah mu saka
sai wani ya rantse ya ga wata.

Daren ashirin da tara ga azumi
gajimare ya rufe gefena ruf.
Wayar asibiti ta yi ƙara, gabana ya faɗi,
na ɗauki jaka, na ce jinin ya hau.
Muryar Osla ce, tana haki:
"Fito, yarinya, ki zagayo bayan garken Magnie.
Ga abin naki can, siriri kamar yankan farce.
Yi sauri, ba zai jira ba."

Na fita da takalmi wari da wari.
Ƙwayar kuwa, mun sasanta:
tana sha in ta buɗe wa kaji.