Kwanan Wata a Bayan Murfi

Hawa huɗu, ba lif, tsani a kafaɗata.
Dundee ta tashi da yayyafi kamar jiya,
kogin Tay ya ja hazo ya rufa har ka.
Ƙofa ta sha ɗaya, Effie Dalgarno,
shekara talatin tana haya a nan,
ta ga masu gida uku sun zo sun wuce.

Ta buɗe, sarƙa na maƙale.
"Mai gida ya aiko ka? Ce masa lafiyarta lau.
Duk Lahadi nakan danna ta da sandar tsintsiya,
ta yi ihu har kyanwar maƙwabta ta gudu."

Na ce: Iya, dannawa murya take gwadawa.
Hancin fa?
Tsohon kare ma yana haushi in an taka shi,
amma ɓarawo ya wuce, bai shinshino ba.

Na hau. Fara aka saye ta,
yanzu ta koma launin tsohon haƙori.
Ƙura, maiƙon suya, gawar ƙwaro biyu,
duk sun tare a inda hayaƙi zai bi.
Na murɗa, ta faɗo tafin hannuna,
ba ta kai nauyin faifan shayi ba.

A bayanta kamfani ya buga wa'adinta:
shekara goma.
Ta ci goman, ta ƙara huɗu bashi.
Ƙasa da wannan, da biro mai shuɗi,
wani ya rubuta da hannu mai rawa:
"Na sa batir, Maris. Struan."

Effie ta yi shiru.
Butar shayi ce kawai ke magana a kicin.

"Bai yarda a riƙe masa tsani ba," ta ce.
"Wannan ne hawansa na ƙarshe."

Me zan ce? Wuta ba ta sallama,
ba ta san sunan mijin kowa ba.
Na ɗaura sabuwa a falo, wata a baranda,
ta kicin mai jin zafi ce, ba ruwanta da hayaƙi,
don kada ƙonannen burodi ya riƙa yi mata ƙarya.
Na haɗa su, in ɗaya ta yi kuka duk su amsa.

Doka ta ce tsohuwar ta bi ni jaka.
Na sa bakin wuƙa a hankali,
na ɓare takardar da rubutun yake,
na miƙa mata.
Ta manna a jikin firji, kusa da lambar likita.

Sai ta ɗauko biron, ta ba ni.
"Kai ma rubuta."
Na koma tsani, na rubuta yau a gefen sabuwar,
na ƙirga goma a zuciyata,
na dube ta, ta dube ni.

"Sauko," ta ce, "shayin zai huce."