Taɓawa ta Biyu

Sau uku ake taɓa ƙwallo kafin ta ƙetare raga.
Ta fari ta mai tarewa ce, gwiwa a ƙasa.
Ta ƙarshe ta mai duka ce, ita ake yi wa tafi.
Tawa ce ta tsakiya,
wadda ba ta barin sawu a idon kowa.

A Wisconsin na koya, a bangon ɗakin shanun Baba,
ƙanƙara har ƙauri, yatsu sun sandare,
ina auna wani katako mai tabon fenti,
ɗari biyar kafin tatsar yamma.
Shanu ne 'yan kallona na farko,
su ma ba su ɗago kai ba.

Jami'a ta ba ni karatu kyauta,
ta ba ni riga mai lamba tara,
ta kuma ba ni benci.
Shekara biyu ina ɗumama shi,
ina miƙa tawul, ina cika gorar ruwa,
ina haddace ƙasusuwan hannu a kujerar bayan bas,
ashirin da bakwai, na lalube su a nawa.
Koci Dufresne ba ta san yabo ba.
Iyakar abin da ta ce min:
"Halvorsen, bar kallon ƙwallo, ba inda za ta.
Kalli ƙafar mai tahowa."

Sai na koma karatun ƙafa.
Odalys 'yar Ponce takan ja hagu in ta gaji,
daga tsallenta nake gane ba ta yi barci ba.
Ba ma magana.
Yatsa biyu a bayan riga,
ta riga ta tashi, ƙwallo ta iske ta a sama
kamar tun jiya suka yi alkawari.

Daren ƙarshe, shekarar ƙarshe,
suna sha huɗu, muna sha uku,
na ɗaga, ta matsi raga da faɗin yatsa biyu.
Hannu huɗu suka kife ta kamar murfi.
Jarida ta ce Odalys ta gaza.
Ni da ita mun san wadda ta gaza,
har yau bakinta bai furta ba.

Daga nan sai akwati.
Finland, inda rana ke leƙowa
kamar wadda ake bi bashi.
Poland, inda albashi ya yi wata uku a hanya,
muka ci dankali da kabeji, muka ci wasa.
Izmir, shayi a ɗan kofi mai ƙugu,
ganguna a kan benaye har haƙori na amsawa.
Kowace ƙasa kalma biyar nake fara roƙa:
sama, ƙasa, sauri, taki ce,
sai kuma yi haƙuri.

Kinga na son ta da tsayi, ta rataya ta jira ta.
Nehir na son ta kamar mari.
Kowa da gishirinta,
in miya ta yi daɗi ba mai neman wadda ta girka.

Filasta ta cinye min zanen yatsu.
Na tsakiya ya karkace, na kusa da shi ya ƙi zobe.
A talatin da uku, wasana na ƙarshe,
sau ɗaya tak na yi rowa.
Na ɗaga hannu biyu kamar kullum,
sai na hagu ya zame ta bayan raga,
ta sauka inda ba kowa.
Nehir ta yi tsallen banza,
ta sauko tana zagina tana dariya.

Yanzu an sayar da shanun.
Bangon na nan, tabon fenti ya koɗe.
Jiya Odalys ta bugo waya,
wai 'yarta ta ƙi duka, ɗagawa take so,
ko zan duba mata ita?
Na ce ta turo ta bayan Kirsimeti,
ta haɗo ta da safa mai kauri.